Kumfar da Ke Tona Asirin Kwanon Rufi

Laccar da aka gabatar a Idu, Abuja, ga ɗaliban sakandare da malaman kimiyya da masu sana'ar hannu

 

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayena da ke zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara girma. Malamai 'yan'uwana, ogannin walda da masu gyaran lagireto da kafintocin da suka rufe shago suka zo, da kuma 'ya'yana ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Batun da aka ba ni layi ɗaya ne a littafi, kuma na tabbata duk ɗalibin ajin kimiyya da ke nan zai iya miƙewa ya rera shi: idan zinki ya haɗu da asid ɗin haidirokulorik, ana samun gishirin zinki kulorayid da iskar haidirojin. Ana tambayarsa a jarrabawar WAEC da NECO, yara suna rubutawa suna cin maki. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, da yawa cikin masu cin makin ba su taɓa ganin abin da idonsu ba, balle su san cewa yana da wata alaƙa da kwanon da suke kwana ƙarƙashinsa. Ga kuma mai gyaran lagireto da ya yi shekaru yana haɗa wannan haɗin da hannunsa, ba wanda ya taɓa gaya masa sunan abin da yake yi. Na zo ne in zaunar da mutanen nan biyu a tabarma ɗaya. Kuma ba wurin da ya fi Idu dacewa da wannan magana. Ku leƙa waje ku duba rufin masana'antun unguwar nan, da turakun fitilun titi, da shingen ƙarfe na gefen hanya, da hasumiyoyin sadarwa da kuke hangowa in za ku tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016. Yawancin ƙarfen da aka bari a fili, rana ta doke shi ruwa ya doke shi, sanye yake da rigar zinki.

To, gani ya kori ji. Ku matso da hankalinku kan teburin nan.

Wannan ɗan ɓarɓashi mai launin toka shi ne zinki, wanda wasu littattafai ke kira tutiya. Wannan ruwan kuma, da ka gan shi ka ce ruwan sha ne, asid ɗin haidirokulorik ne da aka tsarma da ruwa. Na sa tabarau na sa safar hannu, kuma kun ga an buɗe tagogi. Na jefa zinkin. Ku duba. Da farko kamar ba abin da ke faruwa, domin akwai ɗan siririn ɓawo a jikin zinkin da sai asid ya fara cinye shi. Ga su nan sun fara: ƙananan kumfa suna tsirowa a jikin ƙarfen kansa, suna girma, suna saki, suna tashi sama. Ku lura, ba daga tsakiyar ruwan suke fitowa ba, daga fuskar zinkin suke fitowa. Yanzu ƙarar ta fara, shuuu, na baya ma ina jin suna ji. Ɗiyata, zo ki taɓa gindin kwalbar. Da ɗumi ko? Ba mu kunna wuta ba, haɗuwar ce ke fitar da zafi. Ruwan bai sauya launi ba, kuma ba zai sauya ba, amma zinkin yana ramewa yana yin rami-rami, in muka ba shi lokaci zai ɓace ɗungurum.

Na kifa wata kwalbar gwaji a bakin wannan don in tara iskar. Na kifa ta ne baki ƙasa saboda iskar ta fi wadda muke shaƙa rashin nauyi kusan sau 14, sama take nema. Ga ashana. Kun ji? Fau! Wannan 'yar ƙarar ita ce shaidar haidirojin. In kun duba cikin kwalbar da kyau za ku ga ɗan gumi a jikin gilashin. Ruwa ne. Haidirojin ya ƙone da iskar oksijin, ruwa ya fito.

Ina zinkin ya tafi? Yana nan cikin ruwan, ya zama gishiri narkakke. In muka ɗora ruwan a wuta muka ƙafar da shi, farin abu zai rage, mai tsananin son ruwa, wanda in ka bar shi a buɗe zai tsotsi laima daga iska ya jiƙe. A rubuce, ga abin da ya faru:

Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂

Lissafinsa ba ya sauyawa, ko a Idu ko a Jamus. Giram 65.4 na zinki yana buƙatar giram 73 na asid ɗin tsantsa, ya ba da giram 136.4 na gishiri da giram 2 kacal na haidirojin. Amma giram 2 ɗin nan ya kai kusan lita 24 a zafin ɗaki, wato ya fi cikin jarkar lita 20. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa idan muka zo maganar haɗari.

Yanzu tambayar da littafi ke wucewa da sauri, alhali ita ce zuciyar batun: me ya sa? Kowace ƙwayar zarra ta zinki tana da ilektiron 30, kuma guda 2 na can waje ba ta riƙe su da ƙarfi ba. A cikin asid kuwa, haidirojin ya rabu da ilektiron ɗinsa, yana yawo a ruwa yana nema. Da ya iso fuskar zinki sai zinkin ya sakar masa. Haidirojin biyu su karɓi ilektiron biyu, su haɗu su zama iska su tashi. Zinkin da ya saki nasa sai ya ɓalle daga jikin ƙarfen ya shiga ruwa. Kulorin ɗin da ke cikin asid ɗin kuwa bai ba da komai ba, bai karɓi komai ba. Shi ya sa in ka sauya asid, ka kawo na salfa irin na ruwan batirin mota da aka tsarma, iskar dai ita ce za ta fito.

Ƙarafa ba ɗaya suke ba wajen sakin ilektiron. Ga waya ta jan ƙarfe, na tsoma ta cikin asid ɗin nan. Shiru, ko kumfa ɗaya babu. Azurfa da zinariya ma haka. Ga ƙusa ta baƙin ƙarfe: kumfa tana fitowa amma a hankali, kuma bayan wani lokaci ruwan zai ɗan yi kore-kore. Da na jefa maganiziyam da kun ga tafasa. Wannan shi ne jerin da ɗalibai ke haddacewa: maganiziyam, alminiyam, zinki, baƙin ƙarfe, kuza, dalma, haidirojin, jan ƙarfe, azurfa, zinariya. Duk wanda ke gaban haidirojin a jerin zai iya korar sa daga asid, na bayansa ba zai iya ba. Roƙona ga ɗalibai shi ne ku dubi wuri ɗaya a wannan jeri: zinki yana gaban baƙin ƙarfe, kuza tana bayansa. Duk sauran laccar nan a kan wannan ta tsaya.

Kafin nan, ga wani abin ban sha'awa. Zan taɓa zinkin da ke cikin asid da wannan wayar jan ƙarfe. Ku duba inda kumfar ta koma: jikin wayar da ɗazu ta yi shiru. Ba ita ke narkewa ba, zinkin ne dai ke narkewa, har ma ya ƙara sauri. Ilektiron ɗinsa ne ke bi ta cikin wayar su je su sami haidirojin a can. Abin da kuke kallo wutar lantarki ce ke gudana. Batirin tocila da na rediyo, irin mai kan damisa da kowa ya sani, a kan wannan hali na zinki aka gina shi: gwangwaninsa na zinki ne, yana cinyewa yana ba da wuta, shi ya sa in ya tsufa yake hujewa ya yi yoyo ya ɓata tocila.

Sauri kuma yana da dalilansa, kuma ba su da wuyar ganewa. Garin zinki ya fi dunƙule saurin ci domin fuskarsa ta fi yawa. Asid mai ƙarfi ya fi tsarmamme. Zafi na ƙara gudu, har a haɗe-haɗe da yawa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin, don haka gwajin da aka yi da sanyin safiyar hunturu ba zai yi daidai da na tsakar ranar watan Maris a Abuja ba.

Mutumin da ya fara tsayawa ya auna wannan iska da kyau shi ne Henry Cavendish na Ingila, a takardar da ya gabatar a 1766. Ya narkar da zinki da baƙin ƙarfe da kuza a asid iri biyu, ya tara iskar, ya auna nauyinta. Ya lura cewa nauyin zinki ɗaya yana ba da yawan iska ɗaya ko da wane asid ɗin ya yi amfani, sai ya ɗauka daga cikin ƙarfen iskar ke fitowa. Awonsa daidai ne, fassararsa ce ta kauce, domin daga asid take fitowa. Ina so ɗalibai su ga darajar awo a nan: fassarar ta faɗi, amma lambobin sun tsaya har wasu suka zo suka gina a kansu. Antoine Lavoisier na Faransa ne ya raɗa wa iskar sunan da muke kiran ta da shi. Shi kansa zinkin, sai a 1746 Andreas Marggraf ya bayyana yadda ake ware shi a Jamus, alhali a Zawar da ke Rajastan ta Indiya an yi ɗaruruwan shekaru ana narka shi kafin nan. Wahalarsa ita ce yana zama tururi a digiri 907, ƙasa da zafin da ake buƙata a raba shi da dutsensa, don haka in ba ka san dabarar kama tururin ba, sai ya bi hayaƙi ya tafi. Maƙeran Zawar sun san dabarar.

Bari in juyo wurinku, ogannina masu gyaran lagireto da masu liƙi da dalma. Tsohuwar dabarar sana'arku ce a sami asid a kwalba, a yanyanka gwangwanin tsohon batir ko guntun zinki a zuba, a bar shi ya yi ta tafasa har ya daina, sannan a riƙa shafa ruwan a wurin da za a liƙe. Ruwan nan zinki kulorayid ne, abin da na haɗa yanzu a gabanku. Aikinsa shi ne ya cinye dattin tsatsar da ke fuskar ƙarfe idan ya ji zafi, domin dalma ba ta kama ƙarfe sai tsirara. Kuma kun yi gaskiya da kuke zuba zinki har sai ya rage a ƙasa bai narke ba, wannan ne ke tabbatar da cewa asid ɗin ya mutu. Abu biyu kawai zan ƙara muku. A wanke wurin bayan liƙi, domin ragowar gishirin na jawo laima ya ci ƙarfen daga baya, kuma kada a kusanci wayoyin rediyo ko na wayar hannu da shi. Na biyu, a haɗa shi a fili, nesa da wuta, kuma kada a taɓa toshe bakin kwalbar yana cikin tafasa.

Yanzu mu hau rufi. Abin da muke kira kwano baƙin ƙarfe ne mai laushi da aka yi wa rigar zinki. Wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, shi ya yi rajistar dabarar a 1837, kuma a yau kusan rabin zinkin da duniya ke haƙowa a wannan aiki yake ƙarewa. A masana'antar tsoma turaku da bututu, ana fara wanke maiƙo, sannan a tsoma ƙarfen a asid ɗin haidirokulorik ya cinye tsatsa, a ɗauraye, a tsoma shi a ruwan gishirin zinki da amoniyam kulorayid, sannan a nutsa shi cikin narkakken zinki mai zafin kusan digiri 450. Kun ga abokanmu biyu duk suna cikin aikin.

Da rigar rufewa kawai take yi, da fenti ya isa. Amma kwano ana yanka shi, ana huda shi da ƙusa, ana jan sa a ƙasa ya karce. Me ya sa bakin yankan ba ya tsatsa nan take? Ku tuna wayar jan ƙarfe ta ɗazu. Idan ruwan sama ya zauna a kan karcen, ya taɓa zinki ya taɓa baƙin ƙarfe, ƙaramin batir ya haɗu ke nan. Wanda ya fi saurin sakin ilektiron shi ne zai cinye, wato zinki. Muddin akwai zinki a kusa, shi ke ɗaukar ɓarnar, ƙarfen yana zaune lafiya. Ku gwada da gwangwanin tumatir ko na madara, wanda rigarsa ta kuza ce. Yana ƙyalli muddin bai karce ba, amma da ya karce sai tsatsa ta kama wurin da gaggawa, domin kuza tana bayan baƙin ƙarfe a jeri, sai ƙarfen ya zama shi ne mai cinyewa. Halin da ya sa zinki ya narke a kwalbar nan, shi ne dai halin da ya sa yake kare rufinku.

A iska mai tsabta zinki yana yi wa kansa garkuwa. Yana haɗuwa da oksijin da laima da iskar kabon dayoksaid ya yi wannan ɓawo mai launin toka da kuke gani a kwanon da ya kwana biyu, kuma ɓawon yana rage saurin cin. Asid ne da gishiri ke wanke shi. Shi ya sa kwano ya fi daɗewa a Katsina ko Sakkwato a kan Legas mai iskar teku, shi ya sa kuma mutanen yankin Neja Dalta suka daɗe suna kukan lalacewar rufi a garuruwan da ke kusa da inda ake ƙona iskar gas. Mu a Abuja muna tsakiya, damina mai tsawo amma ba gishirin teku. Sai dai masu kiwon kaji su sani, tururin kashin kaji a rufaffen ɗaki yana cin kwano ta ciki.

Daga nan ne haɗurran suke, kuma ina roƙon iyayena mata su saurara. Bokitin ƙarfe mai ƙyallin zinki ba mazubin zoɓo ba ne, ba na jiƙon tsamiya ko ruwan lemon tsami ba ne. Tsamin da ke cikinsu asid ne, mai rauni ne amma aikinsa ɗaya, yana narkar da zinkin cikin abin sha, wanda ya sha ya kama amai da murɗar ciki da gudawa. A zuba a roba mai kyau ko tukunyar silba marar tsatsa. Ruwan wanke masai mai ƙarfi da asid ɗin da masu tayil ke wanke siminti da shi, da yawansu haidirokulorik ne. Kada a zuba su a bokitin ƙarfe, kada a bar su su zauna a bututun ƙarfe. Babban kashedi kuma: kada a taɓa gauraya su da bilic na wanki wai don banɗaki ya fi haske. Iskar kulorin ce ke tashi, tana ƙona huhu, a rufaffen banɗaki tana iya kashewa.

Masu walda, ku kuma naku biyu ne. Ku tuna lita 24 daga ɗan zinkin da bai cika tafin hannu ba. Haidirojin yana kama wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iska, har zuwa kashi 75. Ba ya wari, ba ya launi. Duro ko tankin ƙarfe da asid ya taɓa zama a ciki aka rufe, yana iya cika da shi ba wanda ya sani. Kada a sa masa wuta ko injin yanka sai an buɗe, an wanke, an cika shi da ruwa. Na biyun shi ne farin hayaƙin nan da ke tashi in kuna walda a kan bututu mai zinki. Wutar walda ta zarce digiri 907 nesa ba kusa ba, sai zinkin ya zama tururi ya ƙone a iska. Wanda ya shaƙe shi da rana, da dare sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi da ɗanɗanon ƙarfe a baki, a ce maleriya ce, bayan kwana ɗaya ko biyu ya sake shi. Na san al'adar shan madarar gwangwani bayan aiki. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hayaƙin kuwa huhu ya shiga, ba sa ma haɗuwa a hanya. Abin da ke kariya shi ne a goge zinkin daga wurin da za a yi waldar, a yi aikin a fili, iska tana kwashe hayaƙin daga fuska, a sa takunkumin da aka yi don hayaƙin walda. Oga, yaran da ke shagonka amana ne iyayensu suka ba ka, kuma su suka fi kusa da hayaƙin domin su ke riƙe ƙarfen.

Kada wannan ya sa ku ɗauki zinki a matsayin guba kawai, ko asid ɗin a matsayin baƙo. Dukansu suna jikinku yanzu haka. Tun 1823 William Prout ya nuna cewa tsamin da ke cikin tumbi haidirokulorik ne, kuma yana taimakawa wajen sakin ma'adinai daga abinci. Jikin babban mutum na ɗauke da zinki giram 2 zuwa 3, yana kuma buƙatar miligiram 8 zuwa 11 kullum. Likita Ananda Prasad ne ya gano a Iran da Masar, a farkon shekarun 1960, cewa rashinsa na hana yara girma. A 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Ƙwayar gishirin zinki ce da aka auna, irin aikin da masana harhaɗa magani suka sani, kuma muna da cibiyarsu ta bincike ta ƙasa, NIPRD, a nan Idu. Iyaye mata, in an ba ku ita a asibiti a cika kwanakin ko da gudawar ta tsaya.

Ƙasarmu ma tana da dutsen. Akwai ma'adinin dalma da zinki a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase a Filato, da Enyigba da Ishiagu a Ebonyi. Akasarinsa ɗanye ake loda shi a fitar, mu kuma mu sayo tataccen zinki da kuɗin waje. Wannan yana yi min ciwo, amma magana ce ta wata ranar.

Na bar abin da ya fi muhimmanci a wurina zuwa yanzu. Magidanci ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya tafi kasuwar Dei-Dei ya sayi bandir-bandir na kwano. Yana iya lanƙwasa shi ya ji kauri, yana iya karanta tambari. Amma abin da zai yanke shekarun da rufin zai yi, wato yawan zinkin da ke kai, ido ba ya gani, hannu ba ya ji. Kwano mai riga mai kauri da mai riga shara-shara duk ƙyalli ɗaya suke yi ranar saye. Sai bayan damina kaɗan ja-ja ya fara bayyana a bakin ƙusa, lokacin kuɗi sun riga sun tafi.

Ga yadda ake ganewa, kuma asalin hanyar da ɗakunan gwajin inganci na duniya ke bi ke nan. A yanko guntun kwano marar fenti, santimita 5 tsawo, 5 faɗi. A goge maiƙonsa, a busar, a auna a sikelin da ke iya nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. A tsoma shi cikin asid ɗin da aka tsarma, kuma wajen tsarmawa asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kumfa za ta taso da ƙarfi. A zuba ido. Akwai lokacin da tafasar za ta faɗi kwatsam, ƙyallin ya tafi, guntun ya koma baƙi-baƙi. Zinki ya ƙare ke nan, asid ya iso baƙin ƙarfe mai jinkiri. Nan take a ciro shi da matsefi, a ɗauraye, a busar, a sake aunawa. Abin da ya ragu a nauyi shi ne zinkin. A ninka shi sau 400, an sami giram nawa ke kan kowace murabba'in mita, fuska biyu a haɗe.

Misali, akwai matakin riga da ake rubutawa Z275, ma'ana giram 275 a murabba'in mita. Guntunmu na irin wannan zai rasa kusan giram 0.69, ya fitar da haidirojin kamar rubu'in lita. In aka raba da nauyin zinki, giram 7.14 a kowane santimita kubik, kaurin rigar a kowace fuska ya kama kusan maikiron 19, bai kai sulusin kaurin gashin kai ba. A kan wannan ɗan abu rufin gida ya dogara. In guntun ya rasa giram 0.25 kawai, rigarsa giram 100 ce, kuma tun da zinki yana cinyewa ne kusan daidai da shekaru, a wuri ɗaya ba zai kai rabin rayuwar na farko ba. Ba laifi ba ne a sayar da mai siririyar riga in an faɗa an kuma rage kuɗi. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan mai kauri. Kula da wannan aikin hukumar SON ne, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kan kowane bandir ba. A lura kuma, akwai kwanon da rigarsa gaurayen alminiyam da zinki ce, kashi 55 alminiyam, wanda lissafinsa daban ne, akwai kuma na alminiyam zalla, don haka a fara sanin irin wanda ke hannu.

Malamai 'yan'uwana, na san halin ɗakunan gwajinmu, na san akwai makarantar da rabonta da sabon sinadari an daɗe. Amma wannan gwajin ba ya son komai sai asid kaɗan, kofin gilashi, matsefi, tabarau da sikeli ɗaya, wanda makarantu biyu ko uku za su iya karɓa-karɓa. Guntayen kwano kuwa kyauta ne, ga kafintoci nan zaune, a ƙasa suke barin su a duk inda suka yi rufi a Karmo da Gwagwa da Idu. Ina roƙon kowane kafinta ya tara guntaye ya rubuta a jikin kowanne irin kwanon da kuɗin bandir ɗinsa, ya kai makarantar da ke kusa da shi. Ɗalibai su auna kowane iri sau uku, su ɗauki matsakaici, su rubuta a allo: ga kuɗi, ga giram. Ruwan da ya rage kada a zubar da shi a kwata haka nan, a zuba masa bakar soda a hankali har kumfa ta daina, malami ya tara shi a jarka mai alama. Sakamakon kuma a ba kafintan kwafi, domin shi ne maigida ke tambaya wane kwano zai saya.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, a nan zan tsaya. Sikeli da asid suna nan, na ga kuma wani kafinta a baya ya ɗago guntun kwano. Malam, taho da shi mu auna, masu tambaya kuma su fara ɗaga hannu.